Hotunan da Mato Ya Kawo wa Saude

Duk wanda ya saba bin hanyar Rano zuwa Rurum a farkon shekarun mulkin farar hula ya san Mato. Shi ne ɗan acaɓan nan mai furfura a gemu, wanda ba ya gudu ko da fasinja zai yi kuka, yana kuma tsayawa cak in awaki na tsallaka titi. Asalinsa manomi ne, ɗan Rurum Tsohon Gari, gonarsa tana gindin dutse. Ya sayi babur ne wata kaka da gyaɗa ta yi kyau. Da damina sai ya sallami gona yake fita lodi, da rani kuwa yini yake a hanya, ya kwaso mutane da kajinsu da buhunansu zuwa kasuwa. A lokacin ya ba hamsin baya.

Matarsa Saude 'yar Nariya ce, can ƙasar Kibiya. Shekara talatin da ɗoriya suna tare, sun haifi shida, huɗu suka rayu. Mace ce mai kazar-kazar da son hira, ita ce ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwarsu. In ta je suna ko gaisuwa ta dawo, ba labarin mutane kaɗai take kawowa ba. Sai ta ce ɗorawar bakin rafi ta yi fure da wuri bana, ko ta ce ta ga fakara da 'ya'ya bakwai a gefen hanya. Mato yakan ce "to" kawai, yana goge babur ɗinsa.

Da kakar 2003, tana tsaye tana suyar gyaɗa, sai ta yanke jiki ta faɗi. Aka kai ta asibiti a Rano, daga nan aka wuce Kano. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Bayan mako uku aka dawo da ita gida, hannu ba ya ɗaguwa, ƙafa ba ta takawa, harshe ya yi nauyi. Hadiza, matar babban ɗansu, ita ta ɗauki wanki da girki da sauran ɗawainiya. Amma fito da ita rumfar tsakar gida da safe da mayar da ita ɗaki da yamma, wannan Mato bai yarda ya bar wa kowa ba. Daga kan tabarmar nan abin da take gani shi ne katanga, da kan wata darbejiya ta maƙwabta, da ɗan guntun sama.

Abin da ya fi damun Mato shi ne shirunta. Ba wai ba ta iya magana ba ne sam. Kalma takan fito a karkace, ita kuwa tana jin nauyin a ji ta haka. In 'yan dubiya sun zo, sai ta gyaɗa kai kawai. Gidan da a da ake jin muryarta tun daga zaure ya koma sai kukan kaji.

Haka aka ci rani. Ranar wata Laraba, hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, ya ajiye ta a rumfa zai juya, sai ya ji ta ce, "Malam."

Ya dawo ya tsugunna.

"Shamuwa... ta zo?"

Bai sani ba. Kullum yana wuce babbar kukar bayan gari sau goma, bai taɓa ɗaga kai ba. Ya ce zai duba. Da yamma ya dawo da murna, ya ce mata sun zo, suna nan bisa kuka.

"Nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Sun fara sheƙa?"

"Wallahi ban lura ba, Saude."

Ta dube shi, ta juya fuskarta wajen katanga. Ranar ko tuwon kirki bai ci ba. Magana mafi tsawo ke nan da ta yi masa a wata shida, shi kuwa ya kasa kawo mata amsa.

Ƙaninsa Zailani bai daɗe da dawowa daga aikin Hajji ba. Cikin tsarabarsa akwai wata baƙar kyamara mai fim, an ɗauki hotunan walima da ita, aka jefa ta akwati. Mato ya je ya same shi a shagonsa na hatsi.

"Alhaji, kyamarar nan taka nake so ka ara mini."

"Ai taka ce, Yaya. Biki za a yi ba mu ji ba? Hoton wa za ka ɗauka?"

"Shamuwa."

Zailani ya yi dariya har haƙorin Makkansa ya fito. Da ya ga yayansa ba dariya yake yi ba, sai ya haɗiye tasa, ya aika gida aka ɗauko.

Lokacin ana tsakiyar maganar Shari'a, kowa na kaffa-kaffa da abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, Mato kuwa mutum ne mai tsoron shiga abin da bai sani ba. Bayan sallar La'asar ya tsayar da limamin unguwarsu, Malam Muhammad Auwal, ya tambaye shi hukuncin ɗaukar hoton abu mai rai. Liman ya ce malamai sun yi saɓani a kai, ya kawo bayanin waɗannan da na waɗancan. Sannan ya tambaye shi dalili. Da Mato ya faɗa masa, sai Liman ya gyaɗa kai.

"Ni dai abin da na gani a nan jinyar mara lafiya ce," in ji shi. "Je ka, Allah ya ba ta lafiya. In sun fito ka nuna mini."

A Rano akwai Ƙasimu mai hoto, wanda shagonsa ke kusa da tasha, shi ke yi wa mutane fasfo na makaranta da na Hajji. Shi ya sa masa fim da batir, ya ce talatin da shida ne, in sun ƙare kada ya kuskura ya buɗe bayan kyamarar.

"Baba Mato, abu biyu kawai. Rana ta kasance a bayanka. In za ka danna, ka riƙe numfashi."

Washegari Mato ya sa farar rigarsa ta Juma'a, don a ganinsa aikin hoto aikin tsafta ne. Ya taho da babur har gindin kuka, ya kashe shi da ƙara. Shamuwa tsuntsuwa ce da ta saba da mutane, amma wannan shigowar ta fi ƙarfinta, duk suka tashi. Ya fizgo kyamara ya bi su da dannawa, nan sama, nan gabas, har hularsa ta faɗi. A cikin mako guda ya cinye fim ɗin. Ya ɗauki dutsen Rurum, ya ɗauki kududdufi, ya bi balbelu a bayan shanun wasu Fulani har makiyayin ya tambaye shi ko lafiya.

A Kano ake wanke fim, Ƙasimu ne ke aikawa da shi. Kwana biyar ambulan ya dawo. Tun daga yadda Ƙasimu ya miƙo shi yana sosa ƙeya, Mato ya san ba daɗi. Ya duba a nan shagon, ya mayar, ya tura a aljihu. A hanya ya yi niyyar ya cusa su ƙarƙashin buhunan masara, ya yi kamar ba a yi ba. Bai san Hadiza ta riga ta ba surukarta labarin komai ba.

Yana shigowa Saude ta miƙo hannun hagu. "Kawo."

Ba yadda ya iya. Ya zauna a gefen tabarma, yana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Na farko wani jan abu ne ya rufe rabin hoton.

"Mene ne wannan?"

"Yatsana ne."

Na biyu ma yatsan ne. Na uku sama ce fara fes, ba ko gajimare. Na huɗu ƙafarsa ce da takalmin roba. Dutsen Rurum ya fito a kwance, kamar zai zube daga cikin takardar. Sai suka zo kan wani mai ɗigon baƙi guda a can kusurwa.

"Wannan fa?"

"Ita ce shamuwar."

Saude ta kawo hoton kusa da ido, ta mayar nesa. Kafaɗarta ta fara motsi. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta wanda ya sa Hadiza ta jefar da muciya ta fito da gudu, tana zaton ƙwarewa ta yi. Ashe dariya ce. Dariya take da rabin baki, hawaye na zuba, tana nuna ɗigon da yatsa.

"Ƙuda ne, Malam. Wallahi ƙuda ne!"

Mato ya so ya ji haushi, abin ya ƙi. Ya zauna yana kallonta, shi ma yana share ido da bakin riga.

Daga ranar ta zama malamarsa. Tana yarinya a Nariya, ita mahaifinta ke sawa tsaron gero, ta yini a kan rumfar gona tana kaɗa gwangwani tana korar tsuntsaye. Ta san lokacin zuwan kowane, ta san mai tsoro da mai taurin kai. A shekara talatin na aurensu Mato bai taɓa tambayarta wannan ba. Yanzu kuwa yakan zauna ya jira kalma ta fito, ko za ta ɗauki minti guda, ba ya ƙarasa mata.

"Babur... bar shi nesa. Farar riga, a'a. Ta noma."

"To."

"Kada ka kalle su ido cikin ido. Ka yi kamar wani abin ya kawo ka."

"To, zalɓe fa? Da na matsa sai ya tashi."

"Kai za ka riga shi zuwa. Ka zauna. In ya sa ido a ruwa, ya manta da kai."

Fim na biyu ya ɗan fi. Yatsa ya fito sau uku kawai. Na uku ya samu shamuwa biyu a bakin sheƙa, ana iya gane baki da ƙafa, ko da yake kan ɗaya ya yanke. Saude ta ce a ajiye wannan, ba laifi. Ya shiga ɗaukar kyamara a buhun da yake ratayawa a babur, in ya sauke fasinja a wani ƙauye sai ya ɗan ratse. Abokan acaɓa suka sa masa suna Ɗanjarida, bai damu ba.

Wata rana ya kai wani mutum Durba, a hanyar dawowa ya hangi wata bishiyar ƙaya da tsuntsayen marai suka cika da sheƙa, suna ta lilo a kan gonar dawa. Ya ajiye babur nesa kamar yadda aka koya masa, ya lallaɓa ya durƙusa. Kafin ya danna sau biyu, sai ya ji sallama a bayansa. Ya waiwaya ya ga mutum shida, wasu na tahowa. Labari ya zaga cewa gwamnati ta turo mai ɗaukar gonaki don rabon taki. Ya rantse musu tsuntsaye yake ɗauka. Suka dubi juna, kowa ya ga alamar ba a so ne a faɗa. Wani dattijo ya kama hannunsa ya ce, "To mun ji, tsuntsaye ne. Amma don Allah ka ɗauki tawa gonar ma, ko da za a tambaya." Sai da ya ɗauka aka sake shi. Da ya ba Saude labari, ta sa ya maimaita wa Hadiza, ita kuma tana gyara masa inda ya tsallake.

Hoton kirki na farko sai tsakiyar damina ya samu. Akwai wani kududdufi a bayan dutse da bado ya rufe rabinsa. Yana idar da sallar Asuba ya tafi, ya zauna a cikin ciyawa. Cinnaka suka same shi a ƙugu, bai motsa ba. Ƙafarsa ta mutu, bai motsa ba. Sai da hantsi ya ɗaga zalɓen ya sauka, kusa ƙwarai, har yana ganin ɗigon ruwa a bakinsa. Tsuntsun ya tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiyar furannin bado, ya zuba wa ruwa ido. Mato ya riƙe numfashi, ya danna sau ɗaya tak.

Da hoton ya dawo, Ƙasimu ya roƙi a bar masa guda ya manna a shago. Saude kuwa ta daɗe tana kallo. Daga baya ta ce, "Wannan kam zalɓe ne." Ta ƙi mayar da shi cikin ambulan. Mato ya kai wa Liman shi ma ya gani, kamar yadda ya nema.

Matan unguwa suka fara shigowa kallon hotuna. Su ba su san wannan tsuntsu daga wancan ba, dole Saude ta yi bayani: wannan cilakowa ce, wannan carki ne a bayan sa, wannan kuma gonar wani dattijo ce a Durba mai jiran taki. Kalmomin suna fitowa a karkace kamar da, sai dai ta daina jin kunyarsu. Hannu da ƙafa ba su dawo ba. Amma an koma jin muryarta daga zaure.

A shekara ta biyu, bayan an girbe gero, ta ce akwai abin da take so.

"Tsamiyar ƙofar gidanmu, Malam. A Nariya. Ko sau ɗaya."

Tun rasuwar iyayenta Mato ya rage zuwa unguwarsu, in ya kai fasinja a bakin titi yake saukewa. Ya tafi da sabon fim. Da ya shiga lungun sai ya ga wuri ya yi fayau, har ya yi zaton ɓata ya yi. Ƙaninta Alu, wanda ya gaji gidan, ya fito suka gaisa. Shi ya nuna masa kututturen. An sare tsamiyar tun bara, lokacin da aka faɗaɗa hanya aka kafa turakun lantarki.

"Mun ɓoye mata ne," in ji Alu. "Da wane baki za mu faɗa wa Yaya, ga halin da take ciki?"

Mato ya zauna a kan kututturen, kyamara a cinya. Alu ya ce ga shawara: akwai wata tsamiyar a bakin rijiya, girmansu ɗaya, ya ɗauki wannan. Shekara nawa rabonta da garin? Ba za ta gane ba. Mato ya je ya ɗauka, ya gyara tsayuwa sosai, rana a bayansa. Har ya hau babur ya kai bakin gari, sai ya juyo, ya ɗauki kututturen shi ma, bai san dalili ba.

Kwana biyar ɗin jiran nan ya yi su ba sukuni. Ranar da hotunan suka dawo, ya ware na kututturen ya sa a aljihun gaba, ya miƙa mata na bakin rijiya. Ya fito da kyau ƙwarai, ganye shar, inuwa a ƙasa.

Saude ta duba, ta ƙara dubawa.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Ta bakin rijiya ce. Tamu reshenta na gabas ya sunkuyo, a nan muke lilo." Ta ɗago ta dube shi. "Ina tamu?"

Ya zaro ɗayan daga aljihu, ya sa mata a hannu.

Ta yi kuka, ba mai sauti ba. Hadiza ta leƙo, ya yi mata alama ta koma. Ya bar ta sai da ta gaji don kanta. Tana goge fuska da gefen mayafi sai ta tsaya, ta kawo hoton kusa da ido, ta ɗora yatsa a kan wani abu a bayan kututturen, wanda shi bai ma san ya shiga hoton ba.

"Dutsen nan yana nan."

Wani ɗan faffaɗan dutse ne a jikin katanga. Ta ce a kansa Baffanta ke zama ya yi alwala, ita ke kawo masa buta. A kansa kuma suke fasa ƙwallon goruba, ita da wata ƙawarta da ta rasu wajen haihuwar fari. Ta faɗi sunanta, ta faɗi waƙar da suke yi, ta faɗi ranar da Baffa ya kama su sun sato masa goro. Har aka kira La'asar tana ba da labari.

Da zai tashi ya ce, "Ki yafe mini, Saude. Ban taɓa yi miki ƙarya ba sai yau."

"Ai ba ka iya ba ne, Malam," in ji ta. "Tun daga zaure na gani a fuskarka."

Saude ta ƙara shekara uku a duniya. Da daminar 2008 ciwon ya sake bugunta, kwana biyu ta cika, Mato na riƙe da hannunta. A lokacin hotunan sun cika wata tsohuwar kwalla biyu. Fim ma ya fara wuyar samu, Ƙasimu ya koma sabuwar kyamara, samari sun fara ɗaukar hoto da waya. Mato ya nannaɗe tasa a tsumma ya kai wa Zailani. Zailani ya ce shi bai san wata kyamara da ya ba da aro ba, ya mayar masa. Mato ya sa ta a ƙasan akwati. Ya ci gaba da noma da ɗan lodi, ya rage magana.

Bayan Babbar Sallah, wata tsohuwa a unguwar, Inna Lami, ta aiko a kira shi. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita shekara huɗu. Daga wani ƙauye a bayan Kibiya aka auro ta tun kafin a haifi Mato. Bayan sun gaisa ta yi masa ta'aziyya karo na biyu, sai ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da maganar. Akwai wasu giginyu uku a bakin rafin garinsu, inda suke wanki suna 'yan mata. Tana so ta san ko suna nan.

"In ba su nan fa, Inna?"

"Sai ka ɗauko mini rafin. Shi ai ba mai sare shi."

Mato ya gyara zama a kan buzu, ya ce, "To faɗa mini, in na wuce kasuwar Kibiya, dama zan bi ko hagu?"